Kunkurun Sahel a ƙasashen sanyi: Yadda ake ɗumama ɗakinsa ba tare da an gasa bayansa ba

A ranar Kirsimetin shekarar 2019, ma'aikatan kashe gobara na yankin Essex da ke Ingila sun shiga wani gida da hayaƙi ya turnuƙe, suka fito da wani kunkuru mai shekara 45 da ransa. Shi ne ya tada wutar. Ya ture fitilar da aka rataya masa domin ɗumi, ta faɗa a kan shimfiɗarsa, shimfiɗar ta kama. Maƙwabta ne suka ji ƙarar na'urar gargaɗin hayaƙi suka kira agaji.

Kafofin yaɗa labarai sun ɗauki abin a matsayin labarin raha na ƙarshen shekara. Ga masu kiwon kunkuru da ma'aikatan gidajen namun daji kuwa, tuni ne ga wata matsala da suke fama da ita duk lokacin sanyi, wato yadda za a ɗumama babban ɗaki domin dabbar da ba ta iya samar wa kanta zafi, wadda kuma rayuwarta duka a ƙasa take, inda iskar ɗaki ta fi sanyi.

Matsalar ta fi tsanani a kan wani nau'i guda, kuma ɗan wannan yanki ne: babban kunkurun Sahel.

Daga rairayin Sahel zuwa garejin Turai

Masana kimiyya suna kiransa Centrochelys sulcata, 'yan kasuwar dabbobi kuma sun taƙaita sunan zuwa sulkata. Asalin mazauninsa shi ne zirin ƙasar da ke kudancin hamadar Sahara, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har zuwa Sudan da Eritiriya da Habasha. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra, kuma duk cikin waɗanda ba a tsibiri suke zaune ba babu wanda ya kai shi. Ƙoƙon bayan babban namiji yakan kai tsawon santimita 80, nauyinsa kuma yakan haura kilo 70, wasu ma sukan doshi 100. Yakan rayu fiye da shekara 70.

A gidansa na asali yawansa yana raguwa. Kiwon da ya yi wa makiyaya yawa, da gobarar daji, da kwararowar hamada, da kamun da ake yi masa domin sayarwa ko ci, duk sun taru a kansa. A shekarar 2021 ƙungiyar IUCN mai kula da halittu ta duniya ta sanya shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Tun a shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa domin kasuwanci. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta hana shigo da shi, saboda kaskar da yake ɗauke da ita tana iya yaɗa wata cuta mai kashe shanu da tumaki.

Sai dai kafin a rufe ƙofar, waɗanda aka riga aka kai sun hayayyafa. Mace ɗaya takan saka ƙwai 15 zuwa 30 a zama guda, kuma takan maimaita a cikin shekara. Saboda haka jariransa suka cika shagunan dabbobi na Amurka da Turai da Japan, a farashi mai sauƙi. Mai saye yakan ɗauki ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, ya ajiye shi a akwati a falo. Bayan shekara goma sai ya tarar yana da dabbar da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, wadda ba ta san barcin hunturu ba kamar yadda 'yan uwanta na gaɓar Bahar Rum suke yi, wadda kuma dole ta shafe watanni a cikin gareji ko rumfar katako yayin da ƙanƙara ke zuba a waje.

Jikin da ke aron zafi

Ɗan Adam da akuya da kaza suna ƙona abincin da suka ci su samar da zafin jiki. Shi ya sa zafin jikin mutum mai lafiya yake tsayawa a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko a bazara ko a hunturu. Kunkuru ba haka yake ba. Kamar ƙadangare da maciji da kada, daga waje yake aron zafi, daga rana da ƙasa da iska. Idan muhallinsa ya yi sanyi, jikinsa ya yi sanyi, kuma duk wani aiki na cikinsa ya ja baya.

Narkar da abinci ne ke fara tsayawa. Kunkurun Sahel maciyin ciyawa ne, kuma ƙananan halittun da ke cikin hanjinsa ne suke sarrafa masa ita. Waɗannan halittu ba sa aiki sosai sai da ɗumi. Kunkurun da ya cika cikinsa ya kwana a sanyi, abincin yakan zauna masa ba tare da ya narke ba. Bayan haka sai garkuwar jiki ta yi rauni, ciwon hanyar numfashi ya shigo. Alamominsa sananni ne ga likitocin dabbobi: kumfa ko majina a hanci, numfashi da baki a buɗe, kumburin ido, ƙin abinci. Da yake kunkuru dabba ce mai haƙuri da rashin hayaniya, sau da yawa ba a lura sai ciwon ya yi nisa.

A daji yana da dabarar da ta fi kowace na'ura, wato rami. Da ƙafafunsa na gaba masu kauri yake haƙa rami mai tsawon mitoci da yawa. A can ciki zafin ƙasa ba ya hawa da sauka kamar na sarari, kuma akwai danshi. Da hantsi ya fito ya sha rana har jikinsa ya ɗauka, ya yi kiwo, idan rana ta take ya koma. Da dare, lokacin da sanyin hunturu ya sauka a kan rairayi, yana can ƙasa inda ɗumin yini bai gama tafiya ba. Duk wanda zai gina masa ɗaki, abu biyu yake ƙoƙarin kwaikwaya: ranar Sahel da ramin Sahel.

Me ake nufi da daidaiton zafi?

A nan ne da yawa suke ruɗewa. Sukan ɗauka cewa ɗumama ɗaki daidai yana nufin kowane lungu ya kasance a digiri ɗaya. Ɗaki irin wannan kurkuku ne ga kunkuru, domin da tafiya yake daidaita zafin jikinsa: ya matsa wurin ɗumi idan yana so, ya janye idan ya ishe shi. Idan aka hana shi zaɓi, an ƙwace masa hanya guda ɗaya da yake da ita ta kula da kansa.

Daidaiton da ake nema iri biyu ne. Na farko, kada a sami wani wuri a ɗakin da sanyinsa ya kai na cutarwa, domin kunkuru yana da ɗabi'ar cusa kansa a kusurwa ya kwana, kuma kusurwar da bango biyu na waje suka haɗu ita ce ta fi ko'ina sanyi. Na biyu, a wurin shan ɗumi, zafin ya rufe jikinsa gaba ɗaya, kai da ƙafafu da ƙoƙon baya, kamar yadda rana take yi.

Alƙaluman da masu kiwo da likitoci suka fi amfani da su ba su da wuyar riƙewa. Da rana, iskar ɗaki a daidai tsayin dabbar ta kasance tsakanin digiri 26 da 30. Wurin shan ɗumi ya kai 35 zuwa 38. Da dare a bar zafin ya ɗan sauka, amma kada ya yi ƙasa da 20 a makwancinsa, ƙanana da marasa lafiya kuwa suna bukatar fiye da haka. Hawan zafin daga gefe mai sanyi zuwa gefe mai ɗumi ya zama a hankali, yadda dabbar za ta sami matsakaicin wuri a tsakani.

Mai kiwon kaji zai gane wannan da sauri. Idan 'yan tsaki suka dunƙule a ƙarƙashin fitila, ɗakin ya yi sanyi. Idan suka watse suka manne da bango, ya yi zafi. Kunkurun da ya yini a ƙarƙashin fitila bai motsa ba, yana faɗin cewa sauran ɗakin bai zaunu ba.

Illar dogaro da ƙwan fitila ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ci gaba da amfani da tsarin da ya yi wa dabbar aiki tana ƙarama. Ƙwai ɗaya mai tattara haske wuri guda ya ishi ɗan kunkurun da bai wuce faɗin tafin hannu ba, domin da'irar hasken ta rufe shi duka. Idan ya girma, wannan da'ira ba ta wuce wani ɗan fili a ƙololuwar bayansa.

Akwai kuma lissafin tazara. Ƙarfin zafin da ke fitowa daga ƙaramin ƙwai yana ƙaruwa da sauri yayin da aka matso kusa da shi: idan tazara ta ragu da rabi, zafin yakan ninka kusan sau huɗu. A ɗauka an rataye fitila santimita 60 daga ƙasa, aka auna zafin daɓen aka ga ya yi daidai. Kunkurun da tudun bayansa ya kai santimita 30 idan ya shiga ƙarƙashinta, ƙololuwar bayan tana karɓar kusan ninki huɗu na abin da aka auna, alhali ƙafafunsa da wuyansa suna can gefe a inuwa.

Girman jiki yana ƙara dagula lamarin. Dabba mai kilo 50 tana ɗaukar sa'o'i kafin ɗumi ya ratsa cikinta. Tun da cikin bai ɗumama ba, kunkurun ba zai tashi ba, zai ci gaba da zama yana jira, saman bayansa kuma yana ta gasuwa. Ƙungiyar Tortoise Trust ta Birtaniya ta yi amfani da kyamarar da ke nuna zafi wajen bayyana wannan, inda hotunan suka nuna tabo mai tsananin zafi a saman ƙoƙo da gaɓoɓi masu sanyi a jiki guda.

Ƙoƙon bayan kunkuru ba dutse ba ne. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya ne suka haɗe suka zama shi, akwai jijiyoyin jini a ciki, an kuma lulluɓe shi da faranti na irin sinadarin farce da ƙaho. Huhunsa yana nan daf da ƙarƙashin rufin. Zafin da ya taru wuri guda yakan busar da farantan, su tsage ko su ɓare, wani lokaci ƙashin da ke ƙasa ya mutu. Irin wannan ƙuna ba ta warkewa da wuri, takan ɗauki watanni ko shekaru.

Maganin shi ne a faɗaɗa wurin ɗumin. Maimakon ƙwai ɗaya mai ƙarfin wat 250 a kusa, a jera uku ko huɗu masu wat 75 ko 100, irin masu baza haske, a ɗaga su sama yadda da'irorinsu za su haɗe su zama fili ɗaya da ya fi dabbar faɗi da tsawo. Idan dabbobin sun fi ɗaya, a yi wurin ɗumi fiye da ɗaya, domin mazan wannan nau'i masu faɗa ne, kuma mai ƙarfi yakan tare wurin ya bar rarrauna a sanyi.

Daɓe da silin

Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take tafiya. A babban ɗaki mai dogon rufi, wannan yana raba iskar hawa-hawa, mai ɗumi a can silin, mai sanyi a kwance a ƙasa. Mai ɗaki ya shigo a tsaye, ɗumi ya bugi fuskarsa, ya duba ma'aunin da ya manna a bango daidai idonsa ya ga 27, ya fita hankali kwance. A ƙasa kuwa, inda hancin kunkurun yake, ana iya samun ragin digiri da yawa. An ɗumama ɗakin mutum ne, ba na kunkuru ba.

Daɓen kankare yana ƙara nasa. Siminti yana janye zafi daga duk abin da ya taɓa shi, ya tura cikin ƙasa, kamar yadda duk wanda ya taɓa kwana a kan siminti ba tabarma ya sani. Kunkuru kuwa da faffaɗan ƙoƙon cikinsa yake kwanciya a kai. Ko da fitila tana zuba masa zafi ta sama, daɓen yana zuƙewa ta ƙasa.

Saboda haka aikin farko ba sayen hita ba ne, toshe hanyoyin da zafi ke tserewa ne. A ƙasashen sanyi akan shimfiɗa allunan farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe firji da talabijin da shi a kwali, a kan daɓen, a rufe da katako mai kauri ko tabarmar roba irin ta ɗakin dawaki, sannan a zuba ƙasa mai zurfi. Dole a rufe soson ruf, domin kunkuru zai tona shi, zai kuma ci. Bango da rufi su ma akan yi musu wannan rufin. Ƙasan ƙofa da gefen taga a liƙe su, domin iskar da ke kutsowa ta nan a ƙasa take bi, kai tsaye zuwa ga dabbar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙofar da kunkuru ke bi zuwa fili akan rataya labulen roba mai tsage-tsage, wanda zai ture ya wuce ya koma ya rufe.

Rage tsayin rufi yana taimakawa ƙwarai, tun da kunkuru ba ya amfana da iskar da ke mita biyu a samansa. Inda ba za a iya ba, fankar silin mai juyawa a hankali tana gauraya iskar ta sauko da ɗumin ƙasa. Sharaɗin shi ne kada ta yi ƙarfin da za ta riƙa kaɗa dabbar.

Dabara mafi araha ita ce ɗaki a cikin ɗaki: akwatin kwana na katako mai rufin soso a tsakiyar bangonsa, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, faɗinsa ya ishi dabbar ta juya. Ɗumama wannan akwati da dare ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ɗumama gareji duka, kuma shi ne ya fi kama da ramin da ta baro a Sahel.

Kowace na'ura da aikinta

Ba a ɗora wa na'ura ɗaya dukan nauyin. Tsari mai kyau hawa biyu ne: abin da ke riƙe ɗumin ɗaki dare da rana, da abin da ke ba da zafin shan hantsi na sa'o'i 10 zuwa 12.

A hawa na farko akwai hita mai mai a ciki, wadda ba ta da harshen wuta ko jan ƙarfe a fili, tana kuma sakin ɗumi a hankali. Dole a kafe ta a bayan shinge mai ƙarfi, domin kunkurun Sahel ba ya kewaye abin da ya tare masa hanya, ture shi yake yi. Akwai faifan ɗumi mai faɗi da ake ɗaurawa a silin ko a rufin akwatin kwana, wanda ke sauko da zafi mai laushi a kan fili mai yawa ba tare da haske ba. Akwai dogayen hitoci masu siffar bututu da ake jerawa a gindin bango, su tare sanyin da ke gangarowa daga jikinsa. Manyan gidajen namun daji sukan binne bututun ruwan ɗumi a cikin daɓe, wanda shi ne ya fi raba zafi daidai, ya kuma fi tsada. Ko a nan ba a ɗumama daɓen duka, akan bar wani sashe domin dabbar ta sami wurin hucewa.

Tabarmar lantarki mai tauri, irin da ake shimfiɗa wa jariran dabbobi a gonakin Turai da Amurka, tana da amfani idan an haɗa ta da na'urar daidaita zafi. Haɗarinta shi ne dabba mai nauyi idan ta kwanta a kai tana danne zafin ya taru a ƙarƙashinta, haka ma idan aka tula mata ciyawa. Ƙunar ƙoƙon ciki daga nan take zuwa. Shi ya sa wasu suke kafa ta a jikin bango.

A hawa na biyu, ƙwan halojin mai baza haske ya fi dacewa, domin irin zafin da yake fitarwa ya fi kusa da na rana, yana ratsa fata. Ƙwan tangaran da ba ya haske yana ɗumama saman jiki da iskar da ke kusa ne kawai, yana kuma busar da wuri, saboda haka bai dace ya zama madadin rana ga babbar dabba ba. Da dare a kashe duk wani haske, kunkuru ma yana bukatar duhu.

Kowace na'ura a haɗa ta da abin daidaita zafi, wanda ke yanke wuta ko rage ta idan an kai adadin da aka sa. Wurin da aka ajiye bakin awonsa shi ne komai. Idan aka rataye shi a sama, zafin silin zai riƙa aunawa, ya kashe hita alhali ƙasa na sanyi. A sa shi daidai tsayin ƙoƙon dabbar, a cikin kariyar da ba za ta cije ko ta take ba.

Awo kafin amincewa

Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Ana bukatar kayan awo iri biyu: ma'aunin iska mai riƙe adadi mafi sama da mafi ƙasa na yini, da ƙaramar na'urar nan mai kama da bindiga da ake nuna wa abu ta faɗi zafinsa, 'yar uwar wadda aka saba gani a ƙofofin bankuna lokacin annobar korona.

A raba daɓen gida-gida, a auna kowane gida da kowace kusurwa, a rubuta. A yi haka da asuba, lokacin da sanyi ya kai maƙura, a sake da tsakar rana. Domin sanin abin da bayan dabbar zai fuskanta, a kife tukunyar ƙasa ko a jera bulo mai tsayinta a ƙarƙashin fitilun na sa'a biyu, a auna samansa. Bayan an saki kunkurun, a auna jikinsa a wurare uku: ƙololuwar baya, da gefen ƙoƙo, da fatar ƙafa. Idan ratar da ke tsakaninsu ta yi yawa, fitilun sun yi kusa ko filin ɗumin ya yi ƙanƙanta. A maimaita awon duk lokacin da yanayi ya juya, kuma a tuna cewa dabbar tana girma, bayanta yana ƙara kusantar fitila kowace shekara.

Danshi da hasken rana

Duk ɗakin da aka ɗumama iskarsa takan bushe. An daɗe ana zaton cewa tun da dabbar hamada ce, bushewa ba ta dame ta ba. An manta da danshin rami. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana da ke Austiriya, Wiesner da Iben, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan jariran wannan nau'i, wanda ya nuna cewa waɗanda aka raina a busasshiyar iska sun fi fitar da tudddai a ƙoƙon baya, maimakon ya tashi sumul. Ƙarancin ruwa a jiki kuma yana haddasa tsakuwar mafitsara, cutar da ta yi yawa a tsakanin waɗanda ake kiwo a gida.

Don haka a ajiye faffaɗan kwano marar zurfi da ruwa a kullum, a riƙa jiƙa wani sashe na ƙasar shimfiɗa, a kuma bar ƙaramar kafar iska a sama. Ƙa'idar da masu kiwo suke maimaitawa ita ce: danshi da ɗumi lafiya ne, danshi da sanyi ciwon huhu ne.

Ɗumi kuma bai wadatar ba idan babu wani sashe na hasken rana da ake kira UVB, wanda da shi fata take haɗa sinadarin bitamin D3, shi kuma ya ba jiki damar ɗaukar kalsiyam. Gilashin taga yana tare wannan haske. Kunkurun da ya rasa shi ƙashinsa yakan yi laushi, ƙoƙonsa ya lotsa. A cikin ɗaki akan rataya doguwar fitila ta musamman a daidai wurin shan ɗumi, domin zafi da haske su zo tare kamar yadda suke zuwa daga rana, a kuma sauya ta bisa wa'adin da kamfani ya sa, domin ƙarfinta yana raguwa tun tana ci gaba da haske.

Wuta da aljihu

Abin da ya faru a Essex yana da sauƙin aukuwa: busasshiyar ciyawa, da fitila mai zafi, da dabba mai ƙarfin ture kujera. Fitilar da aka maƙale da ɗan maƙali ba abin dogaro ba ce. A rataye ta da sarƙa daga ƙarfen da aka kafe a rufi, a sa mata mariƙin tangaran da ragar ƙarfe. Wayoyi su bi ta cikin bututu a sama. Kada a tara hita da fitilu a kan soket ɗaya. A ajiye tarin ciyawar ci nesa da su, a kuma sa na'urar gargaɗin hayaƙi.

Batun kuɗi ma ba ƙarami ba ne. Hita mai wat 1,500 idan ta yi aiki sa'a 10 ta ci yunit 15 na wuta. A farashin naira 225 kan kowane yunit, wanda aka sanya wa masu rukunin A a Najeriya a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 3,375 a rana, fiye da naira 100,000 a wata, a kan na'ura ɗaya. Kowane allon soso da aka sa a bango yana rage sa'o'in da hitar za ta yi tana ci. Shi ne kuma ke riƙe ɗumi idan wuta ta ɗauke.

Darasin da ya shafi gida

Ajiye babban kunkuru a gida tsohuwar al'ada ce a Afirka ta Yamma, musamman a gidajen sarauta da na masu hali. Wanda ya fi shahara a Najeriya shi ne Alagba na fadar Soun na Ogbomoso a jihar Oyo, da ya mutu a watan Oktoban 2019. Fadar ta ce ya shekara 344, ko da yake masana sun nuna shakku a kan adadin. A biranen Arewa ma akwai gidajen da kunkuru yake yawo a tsakar gida shekara da shekaru.

Waɗannan ba sa bukatar hita yawancin shekara, kuma suna da ranar da takwarorinsu na Turai ba su da ita. Abin da suka rasa shi ne rami. Gidan birni na yau an shafe shi da siminti ko an shimfiɗe shi da bulon daɓe daga ƙofa zuwa katanga. A daren Disamba da Janairu ma'auni yakan sauka ƙasa da digiri 15 a Kano, a Jos kuma yakan yi ƙasa da haka. Dabbar da ba ta da inda za ta tona sai ta kwana a kan siminti mai sanyi, iskar hunturu na dukanta. A watan Afrilu kuma lamarin ya juye, daɓen ya yi zafin da ba ya takuwa, ba ta da wurin ɓuya.

Gyaran ba shi da tsada. A bar mata wani sashe na gidan da ƙasa zalla, nesa da gindin katanga domin kada ta tone harsashi. Ko a gina mata ɗan gajeren ɗaki na tubalin ƙasa mai kaurin bango, ƙofarsa ta juya wa arewa maso gabas baya, inda iskar hunturu ke fitowa, a zuba ƙasa mai zurfi a ciki, a rataya buhu a bakin ƙofa. Ginin ƙasa yana shan zafin yini ya sake shi da dare, abin da magina na gargajiya suka daɗe da sani. Lulluɓa wa kunkuru bargo ba ya ɗumama shi, domin bargo zafin jiki yake tarewa, shi kuwa ba shi da nasa. A dare mai tsananin sanyi, jarkar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma aka ajiye a gefensa ta fi amfani. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne, iskar da yake fitarwa tana kashe mutum, balle dabbar da ba za ta iya buɗe ƙofa ba.

Ga wanda ya ga ɗan ƙaramin kunkuru a kasuwa yana sha'awar saye, lissafin ya kamata ya fara tun kafin ciniki. Dabba ce da ke iya rayuwa fiye da mai ita, wadda za ta kai nauyin buhun siminti ta wuce, kuma idan daga daji aka kamo ta, sayenta yana ƙara rage 'yan kaɗan da suka saura. Wanda ba shi da fili da ƙasar da zai ba ta, da muguwar rawa gara ƙin tashi.